Buhun Masara Daga Cikin Birni

A makon nan zan ɗan ajiye maganar siyasa da tsadar rayuwa da muka saba yi a wannan fili, in ba ku labarin wani bashi da ke kaina. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta shi, domin babu inda na fito da kyan gani a cikinsa.

Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Tun ba a je ko'ina ba albashi ya tsaya. Wanda bai taɓa rayuwa a kan albashi ba da wuya ya gane irin tsiraicin da ɗan albashi yake shiga idan wata ya mutu wayarsa ba ta yi ƙara ba. Ɗan kasuwa ya saba da yau riba gobe faɗuwa, manomi ya san shekarar fari, mu kuwa ba mu iya komai ba sai jiran ƙarshen wata. Da farko muka cinye 'yar ajiyar da ke hannu, sannan muka shiga cin bashi. Wasu suka sayar da mota, wasu suka koma gona, wasu suka riƙa kabu-kabu da motocinsu bayan isha'i don kada ɗalibai su gane su. Kafin watan Yuli na kai matsayin da idan uwargida ta ce, “Malam, ina da magana,” sai gabana ya faɗi.

Babbar Sallah ta faɗo ranar 9 ga Yuli a shekarar. Saura kwana huɗu, da la'asar sakaliya ana yayyafi, sai ga Keke Napep ta tsaya a ƙofar gidana a Samaru. Ƙaramin ɗana ya shigo da gudu ya ce, “Baba, wani mutum yana sallama, amma ba sunanka yake kira ba.” Kafin in tashi sai na jiyo sunan daga waje. Mutum biyar ne kacal suka rage a duniya da suke kirana da shi, kuma murya ɗaya ce take ja masa wasali haka.

Tela ne a cikin birnin Zariya. Ba zan faɗi sunansa ba, domin idan ya ji na sa shi a jarida zai zo har ofis ya yi mini tsiya a gaban jama'a. Sunan da yake kirana da shi ma ba zan rubuta ba. Ɗalibaina suna karanta wannan shafi, kuma da sauran shekaru a tsakanina da su.

Na fito na tarar da shi yana kokawa da buhun masara. A gefe ga rabin buhun shinkafa 'yar gida, ga galan na man gyaɗa, ga wata baƙar leda a ɗaure. Na tsaya sororo. Ya ɗago ya ce, “Kai, ka tsaya kana kallona, ko sai na biya ka kuɗin dako? Kama mini.” Na kama. Da muka dire a tsakar gida na fara haɗa kalmomi, ina haba wannan ɗawainiya, ai da ba ka wahalar da kanka ba. Ya katse ni: “Rufe mana baki. Turancin naka yara za su ci?” Ledar kuwa ɗinkin Sallah ne na yarana uku. Rabonsa da ganinsu shekara uku, don haka da jikin nasa 'ya'yan ya auna su. Wandon babban ya ɗage, na sauran biyun kamar a jikinsu aka yanka.

Duk wanda ya san tela ya san abin da ake nufi da saura kwana huɗu Sallah. Lokaci ne da ba ya barci, ba ya ɗaga waya, yana ɓuya a bayan labule idan ya hango mai kaya. A irin wannan mako ya sauka daga kan keke ya ratso gari da buhu. Ruwa kawai ya sha. Ya gaisa da uwargida daga bakin ƙofa, ya shafa kan yara, ya ce ya bar ɗinkin mutane. Na raka shi. Har ya sa ƙafa ɗaya a cikin Napep sai ya juyo ya ce, “Kada ka ɗauka kirkina ne. Inna ce ta bar wasiyya. Ta ce in riƙa leƙa ka, wai ba ka iya yunwa ba.”

Inna mahaifiyarsa ce. Ta rasu a watan Afrilun 2020, ana tsakiyar kullen korona. Ta'aziyyarta a saƙon waya na yi, layi uku, na ce da zarar an buɗe gari zan shigo. Aka buɗe gari. Aka yi arba'in, aka yi shekara, aka yi biyu. Tsakanin Samaru da Ƙofar Doka ba ya kai tafiyar rabin awa, amma ban je ba. Kullum da uzurina: ga jarrabawa, ga taron sashe, ga maƙalar da za a gabatar a Abuja. Da abin ya daɗe sai kunyar rashin zuwan ita ma ta zama wani sabon dalilin rashin zuwa.

Maganar yunwar kuwa tana da asali. Shekarar da muka fara gwada azumi, muna 'yan shekara tara, ana zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, na yanke jiki na faɗi a zaurensu bayan azahar. Inna ta ja ni bayan ɗaki, ta ɗura mini kunu, ta goge mini baki da bakin zanenta. Da aka sha ruwa ta tura ɗanta gidanmu da ƙosai, wai tukuicin yaron da ya kai azumi. Mahaifina ya yi ta sa mini albarka. Har ta koma ga Allah ba ta tona ni ba, shi ma ɗan nata bai taɓa faɗa ba, duk da faɗan da muka sha yi wanda da wani ne da ya yi mini gori da shi. Matar da na yi wa ta'aziyya da layi uku ke nan.

A daren nan ban yi barci ba. Abin da ya hana ni barcin kuwa tambaya ɗaya ce: me ya sa na guje shi? Ba mu yi faɗa ba. Bai taɓa roƙona ko sisi ba. Rashin lokaci da nake fakewa da shi ƙarya ce, domin a cikin shekarun nan na sami lokacin halartar walimar ƙarin girma ta mutanen da ko sunan 'ya'yansu ban sani ba.

Don a gane amsar da na samu, sai na koma baya kaɗan. Ni da shi ba mu zaɓi juna ba, katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Malami ɗaya ya rubuta mana allo, tawada ɗaya muke dangwala, bulala ɗaya ta zane mu ranar da muka cinye kuɗin Laraba a wajen mai alewa. Tare aka kai mu firamare a 1986. Tare muka yi langa a dandali, muka ƙera motar kara, muka bi tashe gida-gida daga goma ga azumi muna raba abin da aka samu a ƙarƙashin fitilar mai shayi. Ranar hawan Sallah kafaɗarsa nake takawa in hau katanga don in hango Sarki Shehu Idris, sannan in miƙo hannu in jawo shi. Akwai ranar da muka sha alwashin hawa dutsen Kufena, muka fita ba wanda ya sani, ba mu dawo ba sai bayan magariba, kowa ya sha dukan uba biyu, nasa da na abokinsa. A zamanin ba a tambayar ɗan wane ne kafin a hore shi. A shagon mahaifinsa, shi ma tela ne, muka saurari wasan nan na Dammam a 1989, lokacin da matasan Nijeriya suka farke ƙwallo huɗu da Tarayyar Sobiyet ta zura musu, suka kuma yi nasara a bugun fenareti. Tsohon ya kashe rediyo da aka ci na huɗu, ya ce ɓata batir ne. Abokina ne ya lallaɓa ya kunna.

Ga abin da ban cika faɗa ba idan ina ba da tarihina a wajen taro. A ajinmu shi ne na ɗaya. Daga aji uku har aji shida ba wanda ya ture shi, ni kuwa ban taɓa wuce na huɗu ba. Lissafin raba dogo a bayan allonsa na koye shi. A 1992, saura 'yan makonni mu zauna jarrabawar shiga sakandare, mahaifinsa ya kwanta ciwon kwana shida ya rasu. Ya bar mata biyu, da yara takwas, da keken ɗinki ɗaya. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, Naira tana ta zubewa, kowane gida yana fama da kansa. Abokina shi ne babban namiji. Ranar da na sa farin wando na tafi sakandare, shi yana kan keke, an ɗora masa matashi biyu don ƙafarsa ta kai.

Ashe wannan nake gudu. Duk wanda na sani bayan na shiga jami'a ya san ni ne da abin da na zama. Idan ya ce Dakta, har zuciyarsa yake nufi, ni ma sai in yarda cewa ƙwaƙwalwata da ƙwazona ne suka kawo ni. Mutum ɗaya ne idan na zauna a gabansa nake tuna cewa ratar da ke tsakanin ofishina da shagonsa ciwon kwana shida ce. Da mahaifina ne ya kwanta a makon nan, da yanzu shi ke rubuta muku wannan shafi, kuma ina kyautata zaton da ya fi ni iyawa. Bai taɓa faɗa mini haka ba, ko da wasa. Zamansa kawai yake faɗa. Mu 'yan boko muna son a ce mun fi ƙarfin abokan yarinta ne saboda tunaninmu ya yi nisa, hira ba ta haɗuwa. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuwa shaida muke gudu, domin mai kambun da aka ɗora masa jiya ba ya son zama kusa da wanda ya san girman kansa na ainihi.

Harshenmu ya yi wa wannan al'amari rabo mai kyau. Kalmar aboki ba ta da tsada a Hausa. Akwai abokin aiki, abokin ciniki, abokin tafiya, abokin hira, abokin burmi. Har maƙiyi ba a hana shi ba, an ce masa abokin gaba. Duk wanda wani abu ya haɗa ku, alheri ko sharri, abokinka ne a kan wannan abin, kuma ranar da abin ya ƙare sunan ya faɗi. Amini kuwa daga amana aka samo shi, kuma ba a jingina shi da komai. Ba a cewa aminin aiki ko aminin ciniki. Aristotle, masanin Girka, ya kasa abota gida uku fiye da shekara dubu biyu da suka wuce: wadda amfani ya ƙulla, da wadda jin daɗi ya ƙulla, da wadda aka ƙulla don halin mutumin kansa. Ya lura cewa biyun farko suna mutuwa da mutuwar dalilinsu. Na karanta wannan ina dalibi, na ma kawo shi a jarrabawa na ci maki, amma ban fahimce shi ba sai da albashi ya tsaya. Ba ina zargin abokan aikina ba ne, jirgi ɗaya ya kwaso mu, kowa yana ta kansa. Sai dai na lura da yadda wayata ta yi shiru. Masu kira don a duba musu sakamako, da masu neman a sa baki a ba ɗansu gurbi, da masu gayyata taro, duk suka ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina. Ba su yi laifi ba. Kujerar suke kira, kujerar kuwa tana yajin aiki.

Abotar yarinta ta samo ƙarfinta ne daga lokacin da aka ƙulla ta. An ƙulla ta ba ka da abin bayarwa sai rabin rake da aron ƙwallo. Wanda ya so ka a lokacin, kai ɗin ya so, domin babu wani abu a tare da kai da za a so. Bayan haka duk wanda zai zo, komai tsarkin zuciyarsa, ya tarar da kai da riga, kuma kai kanka ba za ka taɓa tabbatarwa ba ko kai yake gaisarwa ko rigar. Shi ya sa masu mulki da masu dukiya suka fi kowa kaɗaici, ko da zaurensu ya cika ya batse. Kuma shi ya sa sabon amini yake wuyar samu bayan shekara arba'in. Ana samu, amma kamar dashen bishiya ne da rani.

Iyayenmu ba su bar wannan abu ga zuciya kawai ba, sun yi masa tsari. A littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga a 1954, za ka ga yadda ƙawance yake da ƙa'ida a tsakanin mata: ana ƙulla shi a san an ƙulla, kowacce tana kai wa 'yar'uwarta gudummawa ranar biki da suna, ita ma a rama mata da ƙari idan nata ya zo. A wajen maza akwai babban aboki, wanda shi ne ƙafar ango da bakinsa, kuma aikinsa ba ya ƙarewa ranar da aka kai amarya. Shi ake nema idan auren ya fara tangal-tangal. Hikimar ita ce, sun san ƙauna tana yin sanyi, don haka suka ɗaure ta da wajibai. Ko ba ka jin zuwa, al'ada za ta tashe ka ka je, idan ka je kuma sai zuciya ta tuna. Da suka ce zumunta a ƙafa take, ƙafar suke nufi, wadda ake sa wa takalmi. A tarihinmu ma, amincin Muhammadu Bello da Giɗaɗo ɗan Laima ya riga sarauta. Daga baya ne ɗaya ya zama Sarkin Musulmi, ɗayan ya zama wazirinsa kuma mijin 'yar'uwarsa Nana Asma'u.

Turawa sun zo daga baya da ma'auni. Wani bincike da Jami'ar Harvard ta fara a 1938 ya bi rayuwar mutum 724 tun suna samari har tsufa, ana duba lafiyarsu da aikinsu da zaman iyalinsu. Babban abin da aka fito da shi bayan shekaru fiye da tamanin shi ne, kyawun dangantakar mutum da na kusa da shi ya fi dukiyarsa da muƙaminsa nuna yadda tsufansa zai kasance, a jiki da a zuci. Inna ba ta san da Harvard ba, kuma da an gaya mata an kashe shekara tamanin kafin a gano haka, da ta riƙe baki.

Kada a ce na mayar da abokin yarinta waliyyi. Na san ɗaya fuskar. Akwai wanda ba ya tuna kun yi langa tare sai ranar da aka ba ka muƙami. Akwai ma'aikata da yawa da abokan yarinta suka kai su suka baro, da “haba, ni ne fa,” har suka sa hannu a takardar da bai kamata ba. Kalmar nan ta “namu ya samu” ta rusa ofisoshi fiye da yadda gara take rusa rumbu. Haka kuma abotar makaranta takan rikiɗe ta zama tsani. Kwalejin da aka kafa a Katsina a 1921, wadda ta zama Barewa a nan Zariya, ta fitar da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Yakubu Gowon, da Murtala Muhammad, da Shehu Shagari, da Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma kowa ya san sanayyar ɗakin kwana ta buɗe wa mutane da yawa ƙofofi a Arewa. Wannan yana da amfaninsa, yana da illarsa, amma wani abu ne dabam da wanda nake magana a kai. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana tara waɗanda suka tsallake ne. Wanda ya faɗi a hanya, irin abokina, ba shi da ƙungiya.

Sai kuma zauren WhatsApp, wanda ya ba mu damar jin kamar muna zumunci alhali muna kwance. Ina cikin na 'yan ajinmu na sakandare, mu fiye da ɗari. Kullum da asuba ana watso addu'o'i da hotunan furanni. Idan an yi rasuwa, kafin awa ɗaya an jera “Allah ya jiƙan rai” sittin, wasu ma kwafowa suke yi daga na sama har da kuskuren rubutun. Ranar jana'iza sai ka ƙirga mutum huɗu. Lokacin zaɓen 2023 aka yi zage-zagen da wasu suka fice ba su dawo ba har yau, mutanen da suka shekara shida suna cin abinci a kwano ɗaya. Robin Dunbar, wani masani ɗan Ingila, ya yi ƙiyasin cewa mutum ba ya iya riƙe dangantaka mai ma'ana da fiye da mutum 150, kuma na ƙut-da-ƙut a cikinsu ba sa wuce biyar. Ana jayayya a kan adadin, amma ni abin da na ɗauka shi ne gurbin kaɗan ne, kuma na cika nawa da mutanen da suka san lambar ofishina ba su san ƙofar gidanmu ba. Ba zan yi wa zauren butulci ba, an taɓa tara kuɗin aikin asibiti na wani a cikinsa cikin kwana uku. Amma saƙon waya ne ya ba ni damar yi wa Inna abin da na yi mata, na kuma kwanta ina jin na sauke nauyi.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Sallah na shiga birni. Na same shi a shago, yara uku suna koyon aiki a gabansa, tsohon keken mahaifinsa yana ajiye a lungu an rufe shi da buhu. Na ce masa ta'aziyya na zo yi. Ya dube ni ya ce, “Ta wa?” Na ce ta Inna. Ya yi shiru, ya cire zaren da ke bakinsa, ya gyara zama kamar yadda ake yi, na yi masa gaisuwa kamar jiya aka yi rasuwar, ya amsa kamar jiya aka yi. Muka shafa fatiha. Daga nan ya kai ni maƙabarta. Damina biyu ta riga ta kwantar da ƙasar, sai da ya ƙirga daga wata bishiyar dalbejiya kafin ya nuna mini. A hanyar dawowa na fara ba shi haƙuri. Ya ce, “Ai ta ce za ka zo. Ta ce boko ne ya riƙe ka, ba hali ba.” Ban sani ba ko ta faɗa, ko shi ya ƙaga don ya sauƙaƙa mini. Ban tambaya ba.

Da albashi ya dawo na yi wauta ta biyu. Na lissafa kuɗin masara da shinkafa da mai da ɗinki, na ƙara wani abu a kai, na sa a ambulan na kai masa. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba. Ya ce, “Ashe ɗan kasuwa ka ɗauke ni. To ka haɗa da kuɗin kunun Inna.” Na mayar da ambulan aljihu, kunya kamar ƙasa ta tsage. Boko ya koya mini cewa kowane bashi ana biyansa a rufe littafi. Shi kuwa a wajensa rufe littafin shi ne yanke zumunci.

Jarrabawar gaske ta zo bayan shekara guda. Babban ɗansa ya zauna JAMB yana son karatun haɗa magunguna, makinsa bai kai ba. Abokina ya zo gida da takardar a ninke cikin aljihu. Karo na farko ke nan a rayuwarmu da ya nemi wani abu a wajena. Na duba, na san babu hanyar da za a bi sai ta bayan gida, kuma gurbin da za a ba shi na wani yaron ne da ya ci, wanda wataƙila shi ma ɗan tela ne da ba shi da aboki a jami'a. Na gaya masa haka, bakina yana nauyi, buhun masara yana tsaye a tsakaninmu ko da yake ba wanda ya ambace shi. Ya ninke takardarsa ya ce, “To, Allah ya sa haka ya fi alheri.” Ya tafi. Wata guda bai kira ni ba, idan na kira sai ya ce yana da aiki. Ba zan ce muku daga baya ya zo ya yaba mini ba, domin bai yaba ba, kuma har yau ina jin yana ganin da na so da na yi. Abin da na sani shi ne bai taɓa yi mini gorin abin da ya kawo ba, ko da shaguɓe. Ni kuma na ci gaba da zuwa ranar Juma'a, ko ya sake fuska ko bai sake ba, in zauna a kan benci in sha shayinsa. A Juma'a ta biyar ya jefo mini wata riga ya ce in tsinke masa zaren, tunda dai ba ni da aikin yi.

Yaron yanzu yana zuwa gidana kowace Asabar, shi da babban ɗana suna bitar kimiyya da lissafi, ni ina duba musu Turanci. A nan na ga wani abu da ya dame ni. Ɗana ya shekara goma sha shida a duniya, amma ba shi da wanda zai kira da irin sunan da ake kirana. Daga gida sai mota, daga mota sai makaranta, mun canja masa makaranta sau uku, gidan kuma da katanga da ƙofar ƙarfe. Bai taɓa cin tuwo a gidan da ba na danginsa ba. Babu wata Inna da ta san sirrinsa. Mun tsare su daga abokan banza, kuma da dalili, domin unguwannin yanzu ba na da ba ne, ga ƙwaya ga sara-suka. Amma garin tsarewar mun hana su na kirkin ma. Ruwayar nan ta Abdullahi ɗan Umar takan faɗo mini: ya haɗu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya sauka ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, da aka yi mamaki ya ce mahaifin mutumin aminin Umar ne. Ashe abota gado ce, ana barin ta ga 'ya'ya kamar gona. Na kusa cinye wa nawa gadonsu.

Makon jiya na kai masa yadin Sallah. Ya zare tef daga wuya ya zagaya cikina, ya duba, ya sake zagayawa. Ya kira yaron shagonsa ya ce, “Zo ka rubuta. Dakta ya ƙara inci biyu, a gaya wa Inna yunwa ta ƙare.” Sannan ya ce in dawo bayan sati biyu. Na san ƙarya yake yi, sai daren Sallah zan karɓa, kamar kowa.